Wai zanga-zanga ce ta rusa Libya da Sudan, ko abin da ya biyo bayanta ne?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana cina, nace bari na kawo shi nan tunda akwai waɗanda suka zauna a ƙasashen Larabawa a cikinmu. Kullum aka ambaci zanga-zanga sai kaji an ce ku dubi Libya, ku dubi Siriya, ku dubi Sudan, shikenan an rufe bakin kowa. Lokacin tamu ta Najeriya ta watan Agustan 2024 har a huɗuba an yi ta faɗin haka. To ni tambayata tsakani da Allah, fitowar mutane kan titi ce ta rusa ƙasashen nan, ko kuwa abin da masu mulki da sojoji suka yi bayan mutanen sun fito? Don Tunisiya ma ai zanga-zanga suka yi, can ma aka faro, kuma ba a yi yaƙi ba. Me yasa ba a cewa ku dubi Tunisiya? Dan Allah bayani nake so ba zagi ba.

Mai_Shayi_Kurna:
Wa alaikumussalam. Zanga-zangar ce mana, wannan ai ba sai an tambayi malam ba. Kafin 2011 waye yake jin labarin bam a Bangazi? Mutane na zaune lafiya, fetur arha kamar kyauta, 'yan uwanmu na zuwa can neman kuɗi suna dawowa da abin arziki. Aka zuga su suka fito, yau ga shi gwamnati biyu gare su, ɗaya a gabas ɗaya a yamma.

Ba_Agadas:
Mai shayi ni na zauna Libiya ba labari aka ba ni ba. Na yi leburanci a Sabha daga baya na wuce Turabulus ina ɗaura tayil. Maganar kuɗi gaskiya ce, burodi ba ka jin kuɗinshi, wuta ba ta cika ɗaukewa ba, abin da zaka samu a wata guda can sai ka yi rani da damana baka same shi a gida ba. Amma fa ko a lokacin baka isa ka ambaci sunan Gaddafi cikin tasi ba, su kansu 'yan ƙasar sai sun waiga hagu da dama kamin su yi magana. Kuma mu baƙar fata dama ba wani daraja muke da ita ba, waɗanda suka riga mu zuwa sun ba mu labarin kisan da aka yi wa baƙi a Zawiya a shekarar 2000, lokacin ai Gaddafi na kan mulki daram. Da abin ya ɓarke a 2011 mu muka fi kowa shan wuya, don an baza cewa ya ɗauko sojojin haya daga ƙasashen baƙar fata, sai ya zamo duk wanda fatarshi ta yi duhu abin farauta ne, a tare ka a shinge a duba kafaɗarka wai a ga ko akwai shaidar rataya bindiga. Kuɗin aikinmu ma a hannun mai gida muka baro su, muka hau babbar mota ta Dirku har Agadas. Amma abin da nake so ku gane shine zanga-zangar Libiya ba ta wani daɗe ba, kafin mako biyu ta koma yaƙi, an fasa barikoki kowa ya ɗauki bindiga, sannan jiragen Turawa suka shigo. Wanda ya ce maka zanga-zanga aka yi wata takwas ana yi, bai san abin da ya faru ba.

Mai_Shayi_Kurna:
To ai ka ƙara tabbatar da maganata ne Ba_Agadas. Da ba a fito ba da yanzu kana can kana ɗaura tayil ɗinka.

Malam_Tarihi:
Mai shayi ka tambayi kanka me ya fito da su tukunna. A 1996 an kashe fursunoni kimanin 1,200 a kurkukun Abu Salim da ke Turabulus, aka shafe shekaru iyalansu na kai musu abinci da tufafi ba su san sun mutu ba. Yawancinsu 'yan gabashin ƙasar ne. Lauyan da ke bin kadin jinin mutanen nan, Fathi Terbil, shi aka kama ranar 15 ga Fabrairun 2011 a Bangazi, iyalan suka fito neman a sake shi, daga nan wuta ta kama. Gaddafi kuma maimakon ya lallashe su sai ya fito a talabijin yana kiransu ɓeraye, ya ce gida-gida za a bi su. Wannan furucin shi ya ba Faransa da Ingila da Amurka hujjar da suke nema, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973 na ba da izinin amfani da ƙarfin soja ranar 17 ga Maris. Kuma abin da da yawa ba su sani ba, Najeriya tana cikin kwamitin a lokacin kuma ta ɗaga hannu ta amince, ita da Afirka ta Kudu da Gabon. Rasha da Sin ƙauracewa suka yi, ba su hau kujerar na-ƙi ba. An ce kare fararen hula za a yi, aka ƙare da farautar mutum ɗaya har aka kashe shi a Sirte ranar 20 ga Oktoba. Sai kowa ya kwashe jiragensa ya tafi aka bar rumbunan makamai a buɗe.

Hajiya_Larai:
Allah sarki Gaddafi. Ni dai na tuna zuwansa Kano a 1997 zamanin Abacha, ranar garin nan ya cika ya batse. Ko me za a ce a kansa ya so Afirka.

Injiniya_KD:
Hajiya ya so Afirka amma shine a 2010 ya ce a raba Najeriya gida biyu, Musulmi daban Kirista daban, har sai da gwamnati ta janye jakadanta daga can. Mun manta ne?

Hajiya_Larai:
Ban manta ba ɗana, amma waɗanda suka kashe shi me suka tsinana mana? Makaman nan su suka gangaro Mali a 2012, daga can kuma kowa ya san inda suka biyo.

Abu_Safwan:
Jama'a duk wannan dogon tarihin bai kai hukuncin Shari'a ba. Manzon Allah SAW ya yi mana wasiyya da ji da biyayya, kuma a hadisin Ubada bin Samit an yi mubaya'a akan ba za a yi jayayya da shugabanni akan mulki ba sai an ga kafirci ƙarara wanda ake da hujja a kansa daga Allah. Manyan malaman Saudiyya sun fitar da bayani tun watan Maris na 2011 cewa zanga-zanga ba hanya bace, nasiha ita ce hanya. Aka yi ta zaginsu ana cewa malaman fada ne. Yau wa gaskiya ta bayyana a gare shi? Siriya kaɗai Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fararen hula sama da dubu 300 aka kashe, fiye da rabin mutanen ƙasar sun bar gidajensu. Wane zalunci shugabansu Bashar al-Assad ya yi kafin 2011 da ya kai wannan?

Ummu_Ilham:
Allah gafarta malam, to wa ya kashe dubu 300 ɗin? Yaran Dar'a da suka yi rubutu a bango ne suka yi ta jefa bam ɗin ganga akan Halab? Yara ne fa 'yan makaranta aka kama aka azabtar, iyayensu suka je roƙo aka wulaƙanta su. Hamza al-Khatib shekararsa 13 aka dawo wa da iyayensa gawarsa a lalace. Kuma kana tambayar wane zalunci aka yi kafin 2011, uban Bashar ɗin me ya yi wa garin Hama a 1982? Sannan hadisin da ya ce mafificin jihadi faɗin gaskiya a gaban azzalumin sarki, shi kuma ina za mu kai shi?

Abu_Safwan:
Malama a GABAN sarki aka ce, ba a kan kwalta ba ana ƙona taya. Ki shiga wajensa ki faɗa masa.

Ummu_Ilham:
Toh malam a nuna min ƙofar da talakan Dar'a zai bi ya shiga wajen Bashar. Waɗanda suka gwada ai a Saidnaya aka tsinto ragowarsu da aka fasa kurkukun a Disamban 2024.

Azhari_Nasr:
Abu Safwan malaman ma ba bakinsu ɗaya ba, kada a nuna kamar ijma'i ne. Shaikh Ƙardawi shi ya yi huɗubar Juma'a a dandalin Tahrir na Alƙahira mako guda bayan saukar shugaban Masar Mubarak. Shaikh Buɗi kuma a Siriya ya ƙi goyon bayan fitowar, har aka kashe shi da bam a masallaci a Dimashƙa a 2013 yana tsakiyar karatu. Duka biyun ba ƙananan malamai bane. Bari na faɗi abin da na gani a Masar don ina karatu can aka yi komai. Ranar 25 ga Janairu aka fara, ranar da ake bikin 'yan sanda, kuma da gangan aka zaɓe ta saboda 'yan sanda ne mutane suka fi tsana tun bayan da suka lakaɗa wa wani saurayi Khalid Sa'id duka har ya mutu a Iskandariya a 2010. Daren Juma'ar 28 aka yanke intanet da layukan waya, sai abin ya juye musu, don wanda yake zaune a gida yana bin labari a waya dole ya fito ya ga me ake ciki. Da yamma 'yan sanda suka ɓace daga titi gaba ɗaya, mu ɗalibai muka shiga cikin matasan unguwa ana gadi da sanduna da dare. Sojoji suka fito da tankoki amma suka ce ba za su harbi mutane ba, aka yi ta hawa kan tanka ana ɗaukar hoto ana cewa soja da jama'a hannu ɗaya ne. Kwana 18 Mubarak ya sauka. Mu a lokacin mun ɗauka jama'a ce ta yi nasara, ashe sojojin ne suka ga mutumin ya zame musu kaya, ga shi dama ba sa son ya gadar wa ɗansa Gamal mulki tunda shi ba soja bane, sai suka ajiye shi suka riƙe gidan. Sojan Masar ba kamar wanda kuka sani bane, suna da masana'antun siminti, taliya, ruwan gora, gidajen mai, ga dala biliyan 1.3 da Amurka ke ba su duk shekara. Mutum mai wannan dukiya zai bar wani farar hula ya zo ya ce a kawo littafin lissafi? Mursi ya ci zaɓe a Yunin 2012 da ƙyar, kashi 51 da 'yan kai, shekara ɗaya cur Sisi ya ture shi ranar 3 ga Yulin 2013, kuma da wata zanga-zangar aka fake. Dandalin Rabi'a kuma, inda magoya bayan Mursi suka yi zaman dirshan, ba nisa da inda muke zaune a Madinatu Nasr, ranar 14 ga Agusta tun safe muke jin harbi har la'asar ta wuce, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce aƙalla mutum 817 aka kashe a wannan dandalin kaɗai. Ranar ba wanda ya iya cin abinci a ɗakinmu.

Dan_Fagge:
Innalillahi. Malam Azhari to yanzu talakan Masar ya fi jin daɗi ko kuwa gara lokacin Mubarak?

Azhari_Nasr:
Zamanin Mubarak dala ɗaya wajen fam 6 ce, a 2024 ta kai wajen fam 50. Ka yi lissafin da kanka. Kuma maganar da kake iya yi a gidan shayi lokacin Mubarak yanzu baka isa ba. Amma ka lura wanda yake mulkin nan ba ɗan Tahrir bane, 'yan Tahrir ɗin da yawa kurkuku suka ƙare ko gudun hijira.

Mai_Shayi_Kurna:
Kun ji ko? An kashe mutane, kuɗi ya karye, an koma hannun soja. Riba ina?

Baba_Zongo_Kumasi:
Yara na, ni tsoho ne amma ina bin labarin nan tun a rediyo. Ku duba sarakai mana. Sarkin Maroko da ya ga matasa sun fito 20 ga Fabrairu bai tsaya jayayya ba, ya yi sabon tsarin mulki kafin watan Yuli ya wuce, ya rage wani abu cikin ikonshi. Sarki Abdullah na Saudiyya ya buɗe baitulmali ya zuba biliyoyin dala a gidaje da albashi. Na Jodan ya canja firaminista. Gemun maƙwabci ya kama wuta sun shafa wa nasu ruwa. Ba ko ɗaya cikin sarakai da ya faɗi, duk waɗanda suka faɗi masu sunan shugaban ƙasa ne da suka mai da kujera gado.

Injiniya_KD:
Baba a gafarce ni, akwai Bahrain fa. Can ba ruwa aka shafa ba. Mutane sun fara fitowa daga 14 ga Fabrairu suka cika dandalin Lu'ulu'u, bayan wata guda sojojin Saudiyya da 'yan sandan Daular Larabawa suka tsallako gada aka murƙushe su, har hasumiyar da ke tsakiyar dandalin sai da aka rushe don kar a riƙa tunawa. A wannan makon ne fa ake zartar da ƙudurin kai wa Libya hari. Ba wanda ya ce a kare fararen hular Bahrain saboda rundunar ruwan Amurka ta biyar can take da mazauni. Aljazeera ta Larabci ma da ta kwana tana haska Tahrir, da aka zo kan Bahrain sai muryarta ta yi ƙasa.

Sadauki_99:
Ai 'yan Shi'a ne Iran ta turo su, gara da aka yi musu haka

Ummu_Ilham:
Kaga irinta ko. In naka ne aka kashe azzalumi ne, in ba naka bane gara da aka yi. Haka su ma masu goyon bayan Bashar suke cewa 'yan Dar'a Saudiyya da Ƙatar ne suka turo su.

Sadauki_99:
Ke dai ki faɗi aƙidarki kawai mu sani

Shugaban_Zaure:
Sadauki a kiyaye. Ba a zo nan tonon aƙidar kowa ba, wanda ya sake zan goge. A koma kan tambayar Dan Fagge.

Yar_Gadarif:
Salamu alaikum, na daɗe ina karantawa ban sa baki ba amma tunda an ambaci Sudan dole na yi magana. Ni Bahausa ce haifaffiyar Gadarif, kakanninmu hanyar hajji ta kawo su suka zauna, muna da dangi a Mai Wurno da Damazin. Ina Khartum lokacin da aka yi ta 2019. Masu cewa zuga mu aka yi, wallahi ba wanda ya zuga mu sai yunwa. Tun da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kashi uku cikin huɗu na man fetur kuɗi ya ƙare, ka kwana a layin burodi, ka kwana a layin mai, kuɗinka na banki amma ba za a ba ka ba. A Disamban 2018 burodin fam ɗaya ya koma fam uku, 'yan makaranta a Atbara suka fito suka ƙona ofishin jam'iyyar Bashir, Gadarif ma muna cikin garuruwan farko kuma an kashe mana yara. Wata huɗu ana fitowa ana harbi ana komawa, kuma ba mu ɗauki ko wuƙa ba, likitoci da malaman makaranta da lauyoyi ne suke tsara ranaku da unguwannin da za a taru. Ranar 6 ga Afrilu aka isa ƙofar hedikwatar soja aka zauna, 11 ga wata Bashir ya faɗi bayan shekara 30, wanda ya gaje shi Ibn Auf kwana ɗaya ya yi muka ce shi ma ba ma so. Wannan zaman dirshan ɗin ban taɓa ganin Sudan irin ta ba, ɗan Darfur da ɗan Shamaliya da mu da ake kira Fallata ana ci a faranti ɗaya, da azumi ya kama mata na dafowa daga gida ana kawowa, ranar da jirgin ƙasa ya iso daga Atbara mutane har kan rufinsa kowa kuka yake. Sai ranar 3 ga Yuni, 29 ga Ramadan, da asuba aka afka wa wurin, an kashe sama da mutum 100 a lissafin likitoci, wasu a kogin Nilu aka tsamo su an ɗaura musu duwatsu, abin da aka yi wa mata kuma ba zan rubuta shi ba. To yanzu ku gaya min cikin mu da waɗanda suka yi wannan wa ya rusa Sudan.

Hajiya_Larai:
Allah ya jiƙansu, Allah ya ba ku haƙuri 'yata. Jikina duk ya mutu.

Abu_Safwan:
Allah ya jiƙan Musulmi. Amma 'yar uwa ki yi adalci, da Bashir na nan da Burhan shugaban soja da Hamidti shugaban dakarun RSF sun yi yaƙi a tsakiyar Khartum?

Yar_Gadarif:
Malam wa ya ƙirƙiri Hamidti? Bashir ne ya tattara Janjawid da ya yi amfani da su a Darfur ya mai da su rundunar RSF a 2013, ya ba su doka ta kansu, ya bar musu zinaren Jabal Amir, ya tura su Yaman suna karɓar kuɗin Larabawa, duk don in soja sun yi yunƙurin juyin mulki ya samu masu kare shi. Soja biyu a ƙasa ɗaya shi ya bar mana. Kuma su biyun nan tare suka haɗa kai suka ture gwamnatin firaministan farar hula Hamdok ranar 25 ga Oktoban 2021, lokacin ba su da saɓani ai. Rigimarsu ta taso ne da aka zo maganar narkar da RSF cikin soja, wannan ya ce shekara 2 wancan ya ce shekara 10, sai 15 ga Afrilun 2023 muka tashi da ƙarar jirage. Ba ɗan zanga-zanga ko ɗaya a teburin da suka yi wannan faɗan.

Dalibi_Mai_Dawowa:
Gaskiya ne Anti. Ina cikin ɗaliban da aka kwaso ta iyakar Masar a 2023, mun sha zama a bakin boda cikin rana ba ruwan kirki. Waɗanda suka ciyar da mu a unguwa kafin mu samu mota samarin kwamitin unguwa ne, su ɗin dai da suka yi zanga-zangar, su suka koma dafa abinci a tukunyar taro da kai marasa lafiya asibiti da gwamnati ta ɓace. Amma Anti zan faɗi wani abu kar ki ji haushi, 'yan siyasar farar hula ma sun yi sake, shekara biyu suna rigimar kujera a tsakaninsu, burodi ya ƙara tsada fiye da lokacin Bashir, har wasu talakawa suka fara cewa gara jiya.

Yar_Gadarif:
Ba zan ji haushi ba ƙanena, haka ne. Kuma mu Hausawa mun ɗanɗana, rikicin jihar Blue Nile na Yulin 2022 akan maganar sarauta da ƙasa an kashe mana mutane da yawa an kore su daga Rusairis da ƙauyuka, har Hausawa suka fito a Kasala da Gadarif da Khartum. Wasu dattawanmu har yau cewa suke zamanin Bashir ba a taɓa yi mana haka ba. Ina ce musu lokacin da aka yi wannan soja ne ke mulki ba farar hula ba, su kuma su ce ai duk daga sauyin ne. A gidanmu ma ba a gama wannan gardamar ba.

Malam_Tarihi:
Abin da Yar Gadarif ta faɗa shi ne amsar tambayarka ta Tunisiya, Dan Fagge. Ka duba sojan kowace ƙasa. Bin Ali da 'yan sanda ya yi mulkin shekara 23, sojan ƙasar ƙarami ne, ba shi da kamfanoni, bai saba da mulki ba, da abin ya yi zafi bai tsaya masa ba, ranar 14 ga Janairu ya hau jirgi sai Jidda. Sannan suna da ƙungiyar ƙwadago mai ƙarfi, UGTT, wadda da aka kashe 'yan adawa biyu a 2013 ƙasar na neman wargajewa ita da lauyoyi da 'yan kasuwa da masu kare haƙƙi suka zaunar da kowa, jam'iyyar Ennahda ta Ghannushi ta yarda ta sauka daga gwamnati, aka yi tsarin mulkin 2014, har suka samu kyautar Nobel a 2015. Libya kuwa Gaddafi da gangan ya raunana soja tunda shi ma ta juyin mulki ya zo a 1969, ƙarfin yana hannun rundunonin 'ya'yansa irin ta Khamis, ba jam'iyya ba ƙungiya ba majalisar kirki, da ya faɗi babu abin da zai riƙe ƙasar. Siriya manyan hafsoshi sun ɗaure rayuwarsu da ta gidan Assad, sun san in ya faɗi sun faɗi, ga Iran da Hizbullah, ga Rasha daga 2015. Yaman sojan ne ya rabe biyu. Fitowar mutane kusan iri ɗaya ce ko'ina, taken ma ɗaya ne, masu bindigar ne suka bambanta.

Injiniya_KD:
Malam Tunisiyar ma ai ta koma gidan jiya. Kais Saied ya rufe majalisa 25 ga Yulin 2021, ya rubuta nasa tsarin mulkin, Ghannushi na kurkuku tun 2023 da tsufansa. Kuma mutane tafi suka yi masa ranar da ya rufe majalisar saboda shekara goma ana zaɓe ba aiki. Sidi Buzid, garin da matashin nan Bu'azizi ya cinna wa kansa wuta zanga-zangar ta faro daga nan, har yau matasanta kwale-kwale suke nema zuwa Italiya.

Ba_Agadas:
Kuma shi Saied ɗin ne a 2023 ya ce baƙaƙen fata na son canja asalin ƙasar, aka bi 'yan uwanmu ana kora daga gidajen haya a Safakis. Duk inda aka juya dai mu ne a ƙasa.

Sadauki_99:
Shi wanda ya ƙona kansan ma ai ɗan wuta ne, digiri gare shi ya kasa haƙuri

Azhari_Nasr:
Ba shi da digiri, ko sakandare bai gama ba, kayan marmari yake turawa a baro yana ciyar da gidansu tun yana yaro, ma'aikatan ƙaramar hukuma suka ƙwace masa kaya da sikeli ya je ofishin gwamna aka ƙi sauraronsa. Kashe kai haramun ne ba mai jayayya, amma makomarsa ba a hannunka take ba Sadauki.

Dan_Fagge:
Na gode kwarai jama'a, na ƙaru. Amma Malam Tarihi in na fahimce ka, kenan kafin mutane su fito sai sun fara auna sojansu? To talakan da yunwa ta koro daga gida ina ya ga wannan lissafin? Kuma in sojan irin na Masar ne ko na Siriya shikenan sai a zauna har abada?

Mai_Shayi_Kurna:
Eh a zauna. Da rai ake cin tuwo. Ni har yanzu ba wanda ya nuna min ƙasa ɗaya tak da talaka ya fi jin daɗi yau akan 2010.

Ummu_Ilham:
Mai shayi je ka tambayi wanda aka buɗe wa ƙofar Saidnaya bayan shekara goma sha a ƙarƙashin ƙasa.

Mai_Shayi_Kurna:
Shi ma ba zanga-zanga ce ta buɗe masa ba Hajiya, mayaƙa ne da bindiga suka taso daga Idlib.

Malam_Tarihi:
Dan Fagge ban ce a zauna ba, ban kuma ce a fito ba. Ka ƙara da Aljeriya cikin lissafinka. A 2011 ba su wani motsa sosai ba don suna tuna yaƙin shekarun 1990 da ya biyo bayan soke zaɓen da jam'iyyar Musulunci ta FIS ta kama hanyar lashewa. Amma da Bouteflika ya nemi wa'adi na biyar yana kan keken marasa lafiya ko jawabi baya iya yi, sai suka fito 22 ga Fabrairun 2019, duk Juma'a bayan sallah, har shara suke kwashewa in an tashi, ba a fasa shago ba. Ranar 2 ga Afrilu ya sauka, kuma babban hafsan soja Gaid Salah ne ya ce masa ya isa. Ba a yi yaƙi ba, ƙasar na nan, amma wanda aka zaɓa a Disamba, Tebboune, tsohon firaministan Bouteflika ne.

Abu_Safwan:
To ka ga an wahala shekara guda an dawo inda aka taso kenan.

Yar_Gadarif:
Mu a Sudan sau uku muna ture soja da hannu, Abbud a 1964, Numairi a 1985, Bashir a 2019, kuma sau uku suna dawowa. Malam Tarihi ni abin da nake so a tattauna shine yadda ake hana su dawowa, don fitar da su mun iya. Akwai ƙasar Larabawa ko ɗaya da aka taɓa sa soja ƙarƙashin farar hula ya zauna?

Injiniya_KD:
Ta Larabawa dai ban gani ba Anti, sai dai ko Indonesiya bayan Suharto a 1998, su ma a hankali suka cire wa soja kujerun da yake da su a majalisa, sai 2004 aka gama. Amma Malam Azhari ya fi ni sanin ko 'yan Ikhwan, ƙungiyar su Mursi, sun taɓa gwada irin haka a shekara ɗayan da suka samu, don ni abin da na tuna Mursi da hannunsa ya naɗa Sisi ministan tsaro.